FILIN MASU MOTA: A Sake Man Giya Ko A Bar Kaza Cikin Gashinta?

A cikin gardandamin da ake tafkawa a garejin kanikawa, tun daga Ladipo ta Ikko har Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, da wuya a sami wadda ta kai ta man giyar otomatik zafi. Da zarar mai tsohuwar mota ya ce yana son a juye masa man giya a zuba sabo, nan take sai jama'a su rabu biyu. Waɗansu su ce kada ya kuskura, domin sun sha ganin motar da ta shigo gareji da ƙafarta, aka sake mata mai, ba ta ƙara mako biyu ba giya ta mutu. Waɗansu kuwa su ce ai babu man da ba ya gajiya, kuma wanda ya ƙi sayen mai yau, gobe giya sukutum zai saya.

Wanda wannan gardama ta fi shafa shi ne mutumin da ke neman abincinsa da jan kaya. A ɗauka mutum ya sayi akori-kura ko jif ta hannu, irin waɗanda ake saukewa a Apapa ko a shigo da su ta Kwatano, agogonta ya nuna mil 150,000, watau kilomita 240,000 ke nan. Kullum tana jan tirelar janareto, ko injin haƙar rijiyar burtsatse, ko kuwa ya mai da ita janwe, yana jawo motocin da suka mutu a hanya. Ba a ba shi wata takarda da ta nuna ranar da aka taɓa sake man giyarta ba, kuma ba shi da tabbacin ba a mai da agogon baya ba kafin ta iso hannunsa. In ya yi kuskure a nan, mota za ta kwanta, abinci ya tsaya, ga kuɗin wata giya da zai iya lashe ribar watanni. Saboda haka maganar ta wuce a yanke ta da "an ce, ka ce".

AIKIN MAN GIYA

Asalin ruɗanin shi ne mutane da yawa suna ɗaukar man giyar otomatik kamar na giyar hannu. Ba abin mamaki ba ne. Lokacin da Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko, a shekarar 1975, galibin motocin da ke kan titunan Nijeriya masu giyar hannu ne, kuma a kansu manyan kanikawan ƙasar nan suka koyi sana'a. Sai bayan da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin ma'aikata, sa'an nan motocin hannu na Turai da Amurka suka yawaita, masu giyar otomatik suka yi ta ƙaruwa a cikinsu. A Amurka kuwa tun a motar Oldsmobile ta 1940 kamfanin General Motors ya fara sayar da irin wannan giya ga jama'a.

A giyar hannu, aikin mai bai wuce sa ƙarafa su yi santsi ba. A ta otomatik kuwa ayyuka huɗu yake yi gaba ɗaya. Na farko, shi ne ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa giya, ta cikin wata rufaffiyar tukunya da kanikawa ke kira kwanbata, inda fanka ɗaya ke watsa mai ya juya 'yar'uwarta. Na biyu, famfo yana tura shi da ƙarfi ta waɗansu siraran hanyoyi da bawul-bawul, ya matse fayafayan kuloci, waɗanda ake kira faiba, da haka giya ke shiga. Na uku, yana shafe haƙoran giya da boris don kada su ci juna. Na huɗu, yana kwashe zafi ya kai shi wurin sanyaya a jikin lagireto. Har ila yau an haɗa shi da sinadaran da ke daidaita kamun faiba, kada ta kama da fizga, kada kuma ta yi sulɓi. Wannan daidaitawa aiki ne mai wuya ƙwarai, har ma zuwa farkon shekarun 1970 da man wani babban kifi na teku ake taimaka mata, kafin Amurka ta hana amfani da shi.

Babban abokin gaban wannan mai shi ne zafi. A tafiya ta yau da kullum zafinsa yakan tsaya wajen digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyas. Wata tsohuwar ƙa'ida ta masana mai ta ce duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana rage kwanan mai da kamar rabi. To, motar da ke jan tirela tana hawan Kibo a hanyar Jos, ko tana rarrafe cikin cunkoson hanyar Ikko zuwa Badun, ko tana ratsa Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu sa'ad da zafin gari kansa ya haura digiri 40, kwanbatarta tana ta dama mai ba hutawa. Da haka mai ke ƙonewa sannu a hankali, sinadaransa su ƙare, ya fara barin dauɗa mai danƙo a cikin hanyoyinsa, robobin da ke tare shi kuma su bushe su taurare.

INDA TSORON YA SAMO ASALI

Duk da haka bai kamata a yi wa masu cewa a bar mai dariya ba, gama ruwa ba ya tsami banza. Lalle akwai giyar da ta mutu jim kaɗan bayan an sake mata mai, kuma dalilan sanannu ne.

Dalili na farko, kuma mafi yawa, shi ne mutane ba su tuna man giya sai ta fara ciwo. Sai mota ta soma jinkirin shiga giya da safe, ko inji ya riƙa kuka mota ba ta gudu, sa'an nan a garzaya a sake mai da fatan magani. Alhali kuwa faiba ta riga ta cinye. In giyar ta ƙarasa mutuwa bayan kwana goma, sai a ɗora wa sabon mai laifi, nan kuwa ko an bar tsohon, ajalinta ya riga ya zo.

Dalili na biyu, giyar da faibarta ta ƙare takan dogara da tsohon mai. Garin faibar da ya goge yana yawo a cikinsa, ya sa shi kauri da kaushi, har fayafayan da suka suɗe su sami ɗan abin kamawa. In aka kwashe wannan mai aka zuba mai tsabta, sai sulɓin da ke ɓoye ya fito fili. Sabon man bai lalata kome ba, asiri kawai ya tona. Amma ga mai mota duk ɗaya ne, tun da jiya tana tafiya yau ta tsaya.

Dalili na uku shi ne wankin giya da na'ura, musamman in an haɗa da ruwan wanki mai ƙarfi. Dauɗar da ta shekara kwance a lungu takan ɓamɓaro gaba ɗaya, ta je ta toshe bawul ko wata siririyar hanya. Na huɗu kuwa aikin ganganci ne: a zuba man da ba na wannan giya ba, ko jabu, ko a cika shi fiye da kima, ko a bar shi bai kai ba. Mai in ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa sukan kaɗa shi ya yi kumfa, in ya yi kaɗan famfo ya zuƙi iska. Ko wanne ya faru, ƙarfin da ke matse faiba zai ragu, ta yi sulɓi ta ƙone.

In aka duba waɗannan dalilai huɗu da kyau, za a ga babu ko ɗaya da ya nuna cewa sabon mai na ainihi, wanda aka zuba daidai awo a cikin lafiyayyar giya, yana kashe ta.

ABIN DA MASU ƘERA MOTA SUKA FAƊA

Masu cewa a bari suna da wata hujja kuma, watau cewa motocin zamani an rufe giyarsu, babu ma gejin duba mai, kuma an ce man na har abada ne. Gaskiya ne waɗansu kamfanoni sun faɗi abin da ya yi kama da haka, amma ga motar da ke tafiya mai sauƙi. Littafin kula da motocin Toyota da ake sayarwa a Amurka, irin su Tundra da Tacoma, ya ware jan tirela da ɗaukar kaya masu nauyi a matsayin aiki na musamman, ya ce mai yin haka ya sake man giya a mil 60,000, watau wajen kilomita 96,000, ko shekara shida. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera giya wa BMW da waɗansu manyan motoci, ya ba da shawarar a sake mai tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara takwas, ga motar da ke shan wuya. Honda kuwa ta daɗe tana gaya wa kanikawanta su juye su zuba, su guji wankin na'ura.

Watau ke nan motar nan ta mil 150,000 da ke jan kaya, kamata ya yi a ce an riga an sake mata mai sau biyu. Tambayar da ta rage ita ce ko an makara, kuma giyar ce da kanta za ta ba da amsa.

A FARA DA BINCIKE

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, sai a fita da motar, a lura da halinta tun tana da sanyi har ta yi zafi. In an sa giyar gaba ko ta baya, tana shiga nan da nan ko sai an jira? In an taka totur a hawa, gudu yana ƙaruwa tare da kukan inji, ko inji ne kaɗai ke ihu? Akwai fizga ko kakkarwa lokacin da take sauya giya? Sa'an nan a sa na'urar bincike a karanta abin da kwamfutar motar ta ajiye, domin wani ciwon na waya ne ko na solinoyid, babu ruwansa da mai.

Bayan wannan sai a ɗebo man kaɗan a ɗiga a farar takarda, a duba, a sansana. Yawancin man giya ja ne sa'ad da yake sabo, ko da yake akwai na waɗansu motocin Turai mai launin kore ko shuɗi. In ya koma ruwan ƙasa amma babu ƙauri, gajiya ce kawai ya yi. Launi kaɗai ba ya yanke hukunci, gama wani man yakan yi duhu da wuri alhali da sauransa. Hanci ya fi ido gaskiya a nan. In ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, aka murza shi a yatsa aka ji tsakuwa-tsakuwa, to faiba ta ƙone. In kuwa ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ne ya shiga, ko daga lagireton da ya huje ta ciki, ko daga kutsawa cikin ambaliya da damina. Wannan ba ya jira, domin ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, kuma sai an toshe inda yake shiga kafin a yi maganar sabon mai.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin kwanon ƙasan giya. In aka kwance shi za a tarar da maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka mai kama da kwalli a jikinsa ba abin damuwa ba ne, kowace giya tana yin haka. Amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa, ko gutsattsarin baƙar faiba, alama ce ta cewa aikin ya wuce na mai.

Daga nan hukunci ya fito. Giyar da ke shiga daidai, manta ya yi duhu amma bai ƙone ba, kwanonta babu ɓarɓashi, a sake mata mai ko da agogonta ya nuna nawa. Wadda ke sulɓi kuma manta ya ƙone, sabon mai ba zai tashe ta ba, yana ma iya gaggauta kwanciyarta. Mai irin wannan mota ya sauke mata tirela tun yau, ya lallaɓa ta, ya fara tanadin kuɗin gyara, kada ta mutu masa da kaya a dokar daji.

YADDA AKE SAKEWA

Ga tsohuwar giya, hanya mafi aminci ita ce a bi ta sannu. A kwance ƙusar ƙasa ko kwanon, a bar abin da zai fita ya fita, a auna shi, a mai da sabo daidai wannan awo. In giyar mai matata ce da ake iya kaiwa gare ta, a sake ta tare da gasket, a wanke kwanon da maganaɗisun. Sai dai a sani ba duka man ke fita ba. Giyar babbar jif ko akori-kura takan ɗauki lita 10 zuwa 12, amma abin da ke zubowa ta ƙasa bai fi lita 3 zuwa 4 ba, sauran yana cikin kwanbata da bututan sanyaya.

Wannan ba aibu ba ne, shi ne ma amfanin hanyar, domin giya za ta saba da sabon mai kaɗan-kaɗan. Lissafin mai sauƙi ne. In kowane juyi yana fitar da kashi ɗaya cikin uku, bayan juyin farko sabon mai ya zama kashi 33 cikin ɗari, bayan na biyu kashi 56, bayan na uku kashi 70. A bar tazarar 'yan ɗaruruwan kilomita tsakanin juyi da juyi, ana lura da halin motar. In bayan juyin farko ta fara wani sabon hali, sai a dakata a bincika.

Batun irin man da za a zuba kuwa, a nan ne araha ba ta ado. Man giya ba iri ɗaya ba ne. Akwai Dexron na General Motors, wanda aka fara fitarwa a 1967 kuma aka yi ta sabunta shi har zuwa Dexron VI a 2005. Akwai Mercon na Ford. Toyota tana da T-IV da WS, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Giyar nan mai bel da ake kira CVT nata man daban ne ɗungum. Sunan man da ya dace yana cikin littafin mota, wani lokaci a jikin geji ko ƙusar zubawa. Duk bakaniken da ya ce ai ja ja ne, kowanne aka samu a zuba, to a ɗauke mota a gaba. A sayi mai a rufaffiyar roba daga dillalin da aka sani, a kuma tsaya a ga an buɗe ta.

Awo shi ma yana da ƙa'ida. Galibin motoci masu geji ana duba su ne inji yana aiki, mota tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, ko da yake waɗansu, irin na Honda, sai an kashe inji. Marasa geji kuwa suna da ƙusar malala a ƙasa, kuma ana daidaita su ne sa'ad da zafin mai ya kai adadin da littafin ya ƙayyade, domin mai yana kumbura da zafi. Bakaniken da ba shi da abin auna wannan zafi, cinta kawai yake yi.

BAYAN AN SAKE

Sabon mai zai ƙone kamar tsohon in direba bai sake hali ba. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta ja, an rubuta a littafinta, kuma nauyin tirelar kanta yana cikin lissafi. In ana ja, a danna maɓallin Tow/Haul ga motar da ke da shi, ko a kashe giyar sama da maɓallin O/D, don kada giya ta yi ta hawa da sauka tana tara zafi. A doguwar hawa a sauko da giya tun kafin mota ta fara nishi. Kada a tsai da mota a kan gangara da totur, aikin burki ke nan. Mai jan kaya kullum zai amfana da ƙarin ɗan lagireto na man giya a gaban motar, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na giya ba. A kuma kula da babban lagireto da fankarsa, gama in inji ya yi zafi, giya ma ta yi.

Akwai kuma gargaɗi ga masu janwe game da motar da suke ja. Famfon giyar otomatik inji ne ke juya shi. In aka ɗaura igiya aka ja irin wannan mota tafiya mai nisa, injinta a kashe, tayoyin da ke tuƙa ta suna ƙasa, kayan cikin giyarta za su yi ta juyawa babu mai yana zagayawa. Motar da batir ko famfon fetur kawai ya dame ta sai ta isa gareji da matacciyar giya. A ɗaga tayoyin da ke tuƙi, ko a kwance furofela, ko a ɗora motar gaba ɗaya.

Taƙaitaccen zance, yawan kilomita ba shi ne ke hana sake man giya ba, halin da giyar ke ciki shi ne abin dubawa. Barin kaza cikin gashinta yana da amfani ga giyar da ta riga ta ƙone kaɗai, ita ma kwanaki ƙalilan zai ƙara mata. Mai lafiyayyar mota da ke jan kaya ya duba manta cikin makon nan, ya rubuta ranar da kilomitar da aka sake shi a ɗan littafi ya ajiye a mota, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai mako mai zuwa, inda wannan fili zai duba batun burkin motar da ke jan tirela.